Kayan ɗakin kaka da kan tagullar da aka ce na Benin ne

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da ƙoƙari. Ni mazaunin Agege ne, ina aiki a Apapa. Kakarmu ta rasu a Zariya bara, da aka zo rabon gado akwai tarkacen ɗakinta da kowa ya ƙi ɗauka, akushi biyu, tasoshin tagulla, tsofaffin kwanukan jere, wata babbar rigar kakanmu mai nauyi duk ta koɗe, wasu takardu rubutun hannu cikin gafaka, da kwabbai masu huji a batta. Ni na kwaso na taho da su Legas. To kwanaki a wata kasuwar kayan gargajiya wajen Lekki wani ya nuna min kan mutum na tagulla, ya ce na Benin ne ya fi shekara 300, wai in na saya Turawa za su ninka min kuɗina. Ina son in fara tara irin kayan nan. Ya ake gane na gaske da jabu? Akwai riba? Kuma an ce min hukuma na kama mutum a kai, gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan kaka ya sa ta huta, ya kyautata namu zuwan. In na fahimce ka abu uku kake son sani, yadda ake bambance tsohon kaya na gaske da wanda aka tsufar da shi da gangan, ko harkar na kawo kuɗi, da kuma inda doka ta tsaya. Zan bi su amma ba lallai a jere ba, don a wajena amsar duka ukun tana cikin buhun da ka ɗauko daga Zariya.

Bari in fara faɗa maka abin da ba ka tambaya ba. Kafin komai ka koma wajen sauran magada, musamman iyayenka mata da kawunnai, ka ce musu kayan nan da kuka bari ni na ɗauka, kun yafe min ko in biya. Yau tarkace ne a idonsu, ranar da wani ya ji labarin an taya rigar nan da kuɗi mai kauri ranar za ta koma gado, kuma na sha ganin zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. Ka samu yardarsu a fili, in da hali a gaban shaidu. Sannan tun da ka je ka zauna da wadda ta fi kowa tsufa a gidan, ka kunna rikoda a wayarka, ka riƙa nuna mata hoton kaya ɗaya bayan ɗaya tana ba ka labari. Wannan tasar daga ina, ta jeren auren kaka ce ko ita ma gada ta yi, rigar nan wa ya ɗinka, a wane sarki aka yi ta, wace salla kaka namiji yake sa ta. Wallahi wannan hirar ta fi duk wani gwaji da zan koya maka daraja, domin a harkar antik, wato cinikin tsofaffin kayan tarihi, abin da ake saye da tsada shi ne asali, wato a san inda abu ya fito da hannun da ya bi har ya iso gare ka. Tsufa a ido kuwa shi ne abu mafi arha, yara ma suna iya haɗa shi a bayan shago cikin sati biyu.

Maganar kan tagullar

Kayan tagullar Benin na asali tarihinsu sananne ne. A 1897 sojojin Ingila suka shiga birnin suka kwashe dubbai daga fadar Oba, wato sarkin Benin, suka watsu gidajen tarihi na Landan da Berlin da Amurka da hannun attajirai. A 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Najeriya mallakar sama da guda 1,000, a 2025 Holan ta dawo da 119, nan Legas ma aka yi bikin karɓarsu a gidan tarihi na Onikan. Kowane ɗaya yana da lamba da hoto da fayil, gwamnatoci ke zama a kansa. To kai ka auna da hankalinka, abin da ƙasashe ke shekaru suna ja-in-ja a kai shi ne zai zo yana zaune a kan tebur rana na dukansa, kuma mai shi ya rasa wanda zai sayar wa sai kai? In da gaske Turawa na ninka kuɗin ai shi ya fi ka sanin hanyar Turawan, kullum suna wucewa ta gaban shagonsa.

Abin da ka gani kusan tabbas sabon zubi ne. Har gobe maƙeran tagulla na unguwar Igun a Benin suna zuba irin waɗannan kawunan da dabarar kakin zuma kamar yadda kakanninsu suka yi, haka ma a Fumban ta Kamaru, kuma aikinsu na da kyau, ni ban raina shi ba. Maƙerin bai yi ƙarya ba, shi sana'arsa ya yi ya sayar a matsayin sabo. Ƙaryar a hanya take shiga, a zuba masa ruwan batir ko gishiri ya yi kore, a binne shi a ƙasa mai damshi, a shafe shi da baƙin mai da toka, kafin ya iso Legas ya haifi shekara 300. In ka koma ka ɗaga shi ka leƙa cikinsa da fitilar waya. Za ka ga sawun injin gurza ko zarto a bakin gindin, layi-layi masu ƙyalli, sannan ka goga farin ƙyalle mai ɗan jiƙa a inda ya yi koren, in ya biyo ƙyallen kamar alli to jiya aka sa shi. Tsatsar da shekaru suka yi tana kama jikin ƙarfen ne, ba ta fita da shafa. Kuma zubin farko-farko yawanci siriri ne don tagulla tsada gare ta a lokacin, na yanzu da ake narka famfo da tsofaffin makullai sai ka ji shi da nauyi kamar dutse.

Masu shagunan nan da yawansu mutanenmu ne, Hausawa sun daɗe suna riƙe da fataucin kayan sassaƙa daga Legas har Abijan da Duwala har Niyok. In ka zauna ka gaisa da mutum da Hausa ka ce masa don Allah na ado ne ko na tarihi, mafi yawansu za su yi dariya su ce na ado ne. In yana burge ka ka saya a kuɗin sabo ka ajiye, ba matsala. Sai dai batun ajiye siffar mutum a gida wannan fannin malamai ne, ka tambayi malaminka, ni ɗan kasuwa ne. Da yawa daga cikinmu saboda wannan dalilin muka tsaya a kayan da ba su da siffa, kuma wallahi fagen yana da faɗi, mutum zai ƙare rayuwarsa bai gama da tufafi da fata da ƙwarya kaɗai ba.

Yadda nake duba kaya

Ƙa'idar da nake bi guda ɗaya ce, amfani yana barin sawu a inda hannu ke taɓawa, mai jabu kuma yana tsufar da ko'ina daidai wa daida. Ɗauki akushinka ka kife shi. Gindin da ya shekara yana gogar ƙasa da tabarma zai cinye, ya yi sulɓi, wani lokaci ma ya ɗan karkace gefe ɗaya. Ka juyo cikinsa, tsakiyar inda tuwo ke zama ake sa hannu ake wankewa za ka ga ta fi sauran haske da laushi, bakin kuma inda ake kamawa a ɗauka ya yi ƙyalli na maiƙon hannu wanda ba mai da zai ba ka irinsa. Ka shafa bayan da yatsa a hankali za ka ji ƙananan gaɓoɓi na sarar gizago, ba santsin sanfefa ba. In ya taɓa tsagewa aka ɗinke shi da waya ko aka ɗaure da ƙarfe, kar ka ji haushi, mu a wajenmu wannan gyaran shaida ce, ba wanda ke ɓata lokacinsa ya ɗinke akushin da ba a cin abinci a ciki. Sannan ka sansana. Tsohon itace ƙamshin ɗaki da hayaƙin murhu yake a hankali, wanda aka yi wa aiki kuma warin man takalmi ko kananzir ko ƙauri mai ƙarfi zai buge ka, don rataye shi ake a kan wuta ya sha hayaƙi kwana da kwanaki. Wasu har gidan gara suke kai sassaƙa su bari ta ɗan ci gindin, sai ka ga ramukan gara amma gefen ramin sabo fil.

Tasoshin tagullar in masu zanen bugu ne, furanni da layuka da aka fitar da kan ƙusa, akwai yiwuwar aikin Bida ne ko Kano, Nufawa sun yi suna a wannan. Ka sa maganaɗisu, tagulla ba ta kamawa, azurfa ma haka, in ya manne to ƙarfe ne aka yi wa ruwa. Kuma don Allah kar ka wanke su da man goge tagulla irin Brasso ko toka da lemon tsami don su yi ƙyalli. Wannan duhun da ke jikinsu shi mai saye ke nema, in ka kankare shi ka kankare rabin kuɗin. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa.

Kwanukan jere mutane na raina su, alhali su ne suka fi sauƙin sanin shekaru. Kafin zuwansu ƙwarya da tasa ake jera wa amarya, daga baya langa da kwalla masu fenti suka shigo daga waje suka mamaye ɗakunan iyayenmu, can kuma aka fara yin su a nan gida. Ka duba ƙarƙashin kowanne akwai hatimi. In ka ga an rubuta Czechoslovakia to ka san an yi shi kafin 1993 don a shekarar ƙasar ta rabu biyu, wasu za ka ga Hong Kong, wasu Najeriya. Ɗaya ɗaya ba su da wani kuɗi, amma saiti cikakke da murafensa, launi ɗaya daga babba har ƙarami, masu shirya fim da masu ƙawata otal da gidajen abinci a Ikoyi da Lekki suna nema, wasu ma haya suke ɗauka su dawo da shi. Kar ka raba saitin.

Rigar ita ce na fi so in gani

Cikin duk abin da ka lissafa, in akwai mai daraja sosai to rigar ce, kuma nauyin da ka ce tana da shi alama ce mai kyau. Ka shimfiɗa ta a kan tabarma mai tsabta da rana amma a inuwa, ka duba jikin yadin. Rigar da ta asali ba daga bandir ɗaya aka yanko ta ba, ƙananan ƙwarya ne, wato dogayen siraran yadi na saƙar hannu, kowace faɗinta bai wuce yatsu biyu zuwa uku ba, aka jera su aka haɗa da allura ɗaya bayan ɗaya, riga ɗaya sai ta ci ƙwarya fiye da yadda za ka yi haƙurin ƙirgawa. In shuɗiya ce mai ɗigo-ɗigon fari kamar jikin zabo to saƙi ce, in kuma launin ƙasa-ƙasa ne mai ɗan kaushi tana iya zama tsamiya, wato silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, wanda shi ne na manya. Ka ɗaga ƙasan rigar ka duba shafin da aka yi mata ta ciki, in ka ga wani ja mai ɗaukar ido kamar jan garura mai santsi, alharini ke nan, silikin da fatake ke kawowa ta Sahara daga wajen Tarabulus.

Sai aikin wuya da aljihu. Ka ƙirga dogayen tsinin nan da ke saukowa ta gefen aljihu, su ake kira aska, akwai aska biyu akwai aska takwas, ga kuma tambari mai zagaye a ƙirji da baya. Yanzu juya aikin ta ciki. Ɗinkin hannu ba ya taɓa zama daidai, wani ɗinkin ya fi wani tsawo, za ka ga inda zare ya ƙare aka ƙulla aka ɗora wani, har ka gane inda mai aikin ya gaji. Na keke kuwa ta baya layi ne ɗaya miƙaƙƙe da zaren ƙasa daban. In kana son sanin zaren, ka samu ɗan wanda ya riga ya zare da kansa a gefe, kar ka yanko, ka kusanta shi da ashana. Auduga za ta ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, siliki warin ƙonannen gashi yake, na roba kuma narkewa zai yi ya dunƙule ya yi tauri. Zariya gari ne na masu ɗinkin riga tun asali, don haka ba abin mamaki ba ne a samu ta kirki a tsohon gida a can.

Koɗewar kar ta dame ka, kuma kar ka kai ta wajen mai wanki da guga, kar ka ba 'yan dirai kilin. Shuni na zuba, tsohon zare kuma in ya jiƙe nauyin ruwan kaɗai na iya yaga shi.

Takardun cikin gafaka ka ɗaga ɗaya a hankali ka saita ta da haske. A tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar Hausa sau da yawa za ka ga hoton jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, wannan takardar Italiya ce da ta riƙa shigowa ta Sahara a ƙarni na 19. Kar ka canza jerinsu ko da ka ga kamar a hargitse suke, kar ka sa musu salatif ko ka kai a yi musu laminatin, kuma kar ka yarda wani ya saye maka 'yan warƙoƙi masu zayyana ya bar sauran, haka ake kashe littafi. Ka nemi malami mai karanta rubutun Magaribi ya faɗa maka mene ne, sau da yawa a shafin ƙarshe marubucin na sa sunansa. In ka ga abu ne babba, Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, suna da masu wannan aikin. Ni a ra'ayina irin wannan ba kayan sayarwa ba ne sam.

Kwabban da ke batta

A nan zan ɗan kashe maka jiki. Kwabo da ɗari da anini masu huji na zamanin Turawa miliyoyi aka buga, ana kashe su daga nan har Gana da Saliyo da Gambiya, kuma kusan kowane tsohon gida akwai su. Har wanda ke da sunan sarki Edward na takwas na 1936, wanda ya sauka daga mulki a shekarar, mutane na ɗauka abin nema ne amma shi ma yana da yawa. Ka ajiye su don tarihi da nuna wa yara kuɗin da aka kashe kafin naira ta zo a 1973. In ka ci karo da babban tsabar azurfa mai hoton wata mata mai jiki an rubuta 1780, shi ma kar ka ce ka samu na shekara 200 da ɗoriya, an ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canzawa har zamanin nan, darajarsa ta azurfar jikinsa ce.

Kuma tunda mun zo nan, duk wanda ya kira ka ya ce ana neman tsohon kwabo ko dutsen guga na gawayi mai zakara ko tsohon keken ɗinki Singer wai akwai jan makyuri a ciki za a ba ka miliyoyi, ka kashe wayarka. Babu wani abu mai wannan sunan a cikinsu. Yadda wasan yake, ɗaya zai zo a mai saye, ɗaya a mai gwaji, a ce ka biya kuɗin gwaji ko ka sayo na biyu don a cika biyu, kana biya lambobinsu sun daina shiga.

Hukuma

Eh gaskiya ne, akwai doka kuma ba sabuwa ba ce. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, kuma a ƙarƙashinta duk aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko wanda ke da muhimmancin tarihi kuma aka taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya, ya shiga sahun kayan tarihi. Irin wannan ba a saye ko sayar da shi sai ta hannun hukumar ko wanda ta ba izini, ba a kuma fita da shi ƙasar waje sai da takardarta. Ka ga ke nan mai kan tagullar nan ya sa kansa a tsaka mai wuya, in ƙarya yake ya cuce ka, in gaskiya yake ku biyun kun taka doka. Abin da ka gada kana ajiye da shi a ɗakinka ba shi ake bi ba, wajen ciniki da fitarwa ne ake samun matsala. Ko sabon sassaƙa za ka tafi da shi ta filin jirgin Ikeja gara ka fara biyawa Onikan su duba su ba ka takarda, in ba haka ba kwastam na iya riƙe shi.

Abu biyu kuma ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Na farko mutum-mutumin yumɓu da ake haƙowa daga ƙasa, irin na Nok a kudancin Kaduna da waɗanda ake kira na Sakkwato da na Katsina. Tun 2000 suna cikin jan jerin da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar na kayan da ake sacewa, kuma duk wanda ke kasuwa ko haƙar sata ce ko jabu, wasu ma gutsattsarin na gaske ake haɗawa da sabon yumɓu. Na biyu hauren giwa, komai ƙanƙantarsa, ko awarwaro ne ko kan sanda.

Riba

Akwai, amma a hankali take zuwa kuma ba ta kowa ba ce. Masu sayen na gaske kaɗan ne, kaya na iya shekaru a hannunka ba wanda ya taya, kuma manyan kasuwannin gwanjo na Turai yanzu abin da suke fara tambaya shi ne takardar da ke nuna abu ya bar ƙasarsa kafin 1970, shekarar da hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta yi yarjejeniyar hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi. Kai da ke Agege ba ka cikin wannan layin, don haka labarin Bature zai ninka maka ka ajiye shi gefe. Kasuwarka ta gida ce, 'yan Najeriya masu tara kaya, masu gidajen zane, masu ado, 'yan fim. Kar ka sa kuɗin haya ko jarin sana'arka a ciki, ka sa abin da in ya kwanta shekara biyar ba za ka shiga damuwa ba.

Shawarata ka zaɓi layi ɗaya ka san shi sosai, kuma ka zaɓi wanda ka tashi kana gani. Kai Bazazzagi in aka kawo maka 'yan tagwayen Yarbawa na itace, ibeji, ba ka da ma'aunin da za ka gane na gaske, amma akushi da faifai da tandu da adudu da likkafa da allon zayyana idonka ya san su tun kana yaro, kuma har yanzu ba su yi tsadar da masu jabu za su damu da su sosai ba. Ka je Onikan, gidan tarihin nan yana nan tun 1957 amma mutanenmu ba sa shiga, ka je na Yemisi Shyllon da ke jami'ar Pan-Atlantic a hanyar Epe, in ka je gida ka leƙa Gidan Makama a Kano, ka tsaya ka ƙura wa na gaske ido har ya zauna maka. Sannan ka yi abota da 'yan gwangwan. Da gaske nake. Yaranmu da ke tura kura suna sayen ƙarfe a Legas da Arewa su ne ke cin karo da tsofaffin tasoshi da butoci da mundaye, kuma a kilo suke sayar wa masu narkawa. In suka san kana ƙara musu wani abu a kan kuɗin kilo za su riƙa kiranka, sai dai ka tambayi inda suka samo don kar ka sayi kayan sata. Kuma kar ka yi cinikin biri a sama, hoto a WhatsApp ba ya nuna nauyi ko wari. Duk abin da ka saya ka buɗe masa shafi a littafi, rana, wuri, wajen wa, nawa, me aka ce maka a kansa, ka ɗaura masa 'yar takarda mai lamba da zare.

Damshin Legas

Wannan shi ne babban abokin gabarka yanzu, ya fi ɗan damfara. Kayan nan sun yi shekaru a busasshiyar iskar Zariya, ka kawo su bakin teku inda damina ke da tsawo iska kuma ga gishiri. Fata za ta yi furfura cikin 'yan makonni, tagulla ta fara fitar da kore mai gari, itace ya kumbura ya tsage. Kar ka ajiye komai a ƙasa ko jikin bango, Agege ma in ruwa ya yi yawa ka san yadda ake, ka ɗora a kan kanta inda iska ke wucewa. Kar ka ƙulle gafaka ko riga a leda, gumi za su yi a ciki, ka naɗe su da farin yadin auduga da aka wanke. Rigar gara ka naɗe ta kamar tabarma a kan ka ninke, in dole sai an ninke to ka riƙa canza layin ninkin lokaci lokaci don a nan zare ke karyewa. Kafur yana korar asu amma kar ya taɓa yadin, ka ƙulle shi a ɗan ƙyalle a gefe. 'Yan ƙullin nan masu tsotse damshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi da magani ka riƙa tarawa kana sa wa a akwatin takardun. In ka ga gari mai laushi na zubowa ƙarƙashin akushi to ƙwaro na ciki yana ci, kar ka fesa masa fiya-fiya, ka ware shi daga sauran, ka ƙulle shi tam a leda biyu ka sa a firiza mai ƙarfi kamar sati biyu, in ka fitar ka bar shi a ledar ya huce kwana ɗaya kafin ka buɗe. Sai dai wannan sai inda wuta ke tsayawa, in ana ɗaukewa yana narkewa yana sake daskarewa to ɓarnar ta fi gyaran.

Duk abin da na faɗa a kan rigar da tasoshin daga bayaninka na ɗora shi, hukunci na gaske sai an riƙe a hannu, kuma ko an riƙe ido iyakarsa ya ce wannan ta girmi wancan, ba ya ba da shekara takamaimai. Ma'aikatan Onikan suna duba kaya in ka je da shi, ka fara da rigar da tasa ɗaya, ka tafi da hotunan sauran da rikodin hirar da ka yi a gida. In za ka ɗauko rigar ka naɗe ta a zanin gado ka rungumo ta a hannu, kar ka cusa ta a jakar baya ka shiga danfo da ita.